Tambaya da Amsa: Bakunan da ke Jikin Ganye, Gado Ne ko Reno?

Wasiƙun wannan watan kusan duk a kan ganye suka tsaya, kamar an haɗa baki. Ban yi mamaki ba, bazara ce, kowa da ke da shuka a ƙasa idonsa na kanta da tsakar rana. Na ɗauki uku daga ciki.

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ni mai lambu ne a Jiratawa, shekarata 19 ina noman rani. Bana na shuka wake iri biyu a fangali ɗaya. Ɗaya irin gida ne da na gada wurin mahaifina, ɗaya kuma na saye shi a kasuwa. Ruwansu ɗaya, takinsu ɗaya. Amma da rana ta take sai na kasuwar ya yi laushi ya sauke kunne, na gidan yana tsaye abinsa. Yarona da ke lise ya ce wai ganye yana da bakuna da yake zubar da ruwa ta cikinsu, kuma wai yawan bakunan gado ne. Na ce masa shekara 19 ina juya ganye a hannuna ban taɓa ganin baki ba. Shin gaskiya ya faɗa? In gaskiya ne, akwai taki ko maganin da zan sa ya rage bakunan?

AMSA: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Allah ya sa albarka a lambun. Yaronka gaskiya ya faɗa maka, kuma kai ma ba ka yi laifi ba da ka ce ba ka gani ba, don tsawon baki ɗaya a yawancin tsirrai bai kai kaurin gashin kai ba. A wuri ɗan ƙarami na bayan ganye, milimita ɗaya tsawo milimita ɗaya faɗi, ana iya ƙirga gommai har ɗaruruwa. Ni kaina sai da na shiga aji na koyarwa na fara ganinsu da idona. Makarantar da aka fara tura ni na'urar ƙara girma ɗaya gare ta, madubinta ma a tsage, na ɗauke ta na fita bakin taga don in samu haske. Da na leƙa fatar ganyen wake na ga abin, sai da na daɗe ban ɗago kai ba. Kamar ƙwayar wake biyu ne an haɗa su ciki da ciki, da ɗan rami a tsakani, an watsa su ko'ina a jikin fatar.

Aikinsu shi ne wannan. Ganye na haɗa abincinsa da hasken rana da ruwa da iskar kabon da ke yawo a sararin sama. Fatar ganye kuwa a shafe take da wani abu mai kamar kakin zuma wanda iska ba ta ratsa shi sosai, saboda haka dole a bar ƙofa. To ƙofar da iskar kabon ke shiga, ta nan ruwa ke fita ya zama tururi. Cikin kashi 100 na ruwan da ka zuba wa wakenka ya sha, fiye da kashi 90 ta waɗannan bakunan yake ficewa. Kada ka ɗauka duk asara ce. Ka san yadda randar ƙasa ke tsattsafo a jikinta, ruwan ciki ya yi sanyi? Haka ganye ke sanyaya kansa. Kuma wannan fitar tururin ce ke jawo ruwa da taki daga saiwa zuwa sama. Abubuwan nan biyu masu kamar ƙwayar wake su ne leɓɓan bakin, su ke buɗewa su rufe: in sun cika da ruwa sai su lanƙwashe baki ya buɗe, in ruwa ya fita daga cikinsu sai su haɗe. Abin da suke ja da shi su cika kuwa shi ne fotasiyom, harafin K ɗin nan da kake gani a jikin buhun taki 15-15-15.

Yanzu maganar gado, wadda ita ce zuciyar tambayarka.

Jikin ganye ƙananan ɗakuna ne jere da juna kamar saƙar zuma. Masana na ce musu ƙwayoyin halitta, ni zan riƙa ce musu ɗakuna don kada mu rikice, kuma sunan ya dace, don in ɗaki ɗaya zai zama biyu katanga ake ginawa a tsakiyarsa. Lokacin da ganye ke jariri, bai ma warware ba, duk ɗakunan fatarsa iri ɗaya ne. Daga baya wasu su zama fata kawai, wasu su zama leɓɓan baki. Wa ke zaɓa? Umarnin na rubuce cikin ƙwayoyin gado da tsiron ya ɗauko daga irinsa. An gano su ne a jikin wata ƴar ciyawa mai suna Arabidopsis, dangin kabeji, wadda masu bincike ke so saboda cikin ƴan makonni take yin iri. Tun shekarar 2000 aka gama karanta rubutun gadonta gaba ɗaya.

Hanyar da suka bi mai sauƙin fahimta ce ga manomi. Su shuka dubbai, su nemo wanda ya fito da naƙasa, sannan su bi sawu su gano wace ƙwayar gado ce ta lalace. Sai ranar da aka manta gishiri ake sanin aikinsa a miya. Shi ya sa sunayen da suka raɗa wa ƙwayoyin suke faɗin abin da ke faruwa in babu su. A 1995, a jami'ar jihar Ohio ta Amurka, Ming Yang da Fred Sack suka ba da labarin tsiron da bakunansa suka fito a cunkushe, suna manne da juna, suka sa wa ƙwayar gadon suna TOO MANY MOUTHS, wato baki ya yi yawa. Wani kuma bakunansa biyu-biyu suke fitowa a haɗe, suka ce masa FOUR LIPS, leɓe huɗu.

Sai a 2006 da 2007 aka kama manyan ƙwayoyin gado uku, a ɗakunan binciken mata biyu, Dominique Bergmann ta jami'ar Stanford da Keiko Torii, ƴar Japan da ke jami'ar Washington a lokacin. Ina ambaton haka da gangan saboda ƴanmatan da ke karanta wannan shafin. Ƙwayar gado ta farko sunanta SPEECHLESS, wato marar magana. Ita ke fara aiki: ta sa ɗaki ya rabu rabon da ba daidai ba, babba da ƙarami, ƙaramin shi ne zai zama baki. In ta lalace, ganye na fitowa sumul babu baki ko ɗaya, tsiron ya tsaya ɗan mitsitsi ya mutu. Ƙaramin ɗakin nan yakan sake rabuwa sau ɗaya zuwa uku yana samar wa kansa maƙwabta. Sai ta biyu, MUTE, wato bebe, ta ce ya isa haka, ɗakin ya tsaya ya zama kewayayye. In babu ita, ɗakin ya yi ta rabuwa yana naɗewa a kansa har ya gaji, baki bai samu ba. Kewayayyen ɗakin sai ya rabu sau ɗaya tak, daidai wa daida. A nan ta uku ke shigowa, FAMA, ta hana su sake rabuwa, ta ba su siffar leɓɓa. Sunan daga wata gunkiyar Rumawa ne ta jita-jita, amma duk sanda na rubuta shi a allo ɗalibai sai su karanta shi da Hausa, kuma ba su yi nisa ba, don in babu ita ɗakunan fama suke ta yi da rabuwa, su jeru kamar tsutsa, ba su taɓa zama baki ba.

Abin da ya fi ba ni sha'awa shi ne tazara. Ka san ba a shuka hatsi rami a jikin rami. Haka ganye mai lafiya ba ya sa baki biyu su jingina da juna, dole a samu aƙalla ɗaki ɗaya na fata a tsakaninsu. Dalili, leɓɓan daga wurin maƙwabta suke aron ruwa da fotasiyom in za su buɗe, su mayar musu in za su rufe. Baki biyu a manne babu mai ba su aro, babu kuma wurin motsi. Yadda ake tsare tazarar kuwa, ɗakin da aka zaɓa yakan fitar da wasu ƙananan saƙonni, ana kiransu EPF1 da EPF2, su bazu zuwa ɗakunan kewaye. A bangon waɗancan ɗakunan akwai masu karɓar saƙo, dangin ERECTA tare da TOO MANY MOUTHS ɗin nan da na ambata. Da saƙo ya iso sai a danne SPEECHLESS a cikinsu, ma'ana an ce musu wurin nan an riga an kama. A 2010 kuma masu bincike a Japan suka gano wani saƙo da ke yin akasin haka, STOMAGEN. Shi daga tsokar cikin ganye yake tasowa, inda ake dafa abincin, yana neman a ƙara ƙofofi. Yakan je ya zauna a mazaunin da EPF2 ke zama ya tare shi. Yawan bakunan da ganye zai ƙare da su, daga wannan ja-in-ja yake fitowa.

To ka ga iri biyu na wake za su iya bambanta tun daga nan. Sai dai ban so ka tafi da cewa yawan baki ne kaɗai ya sa ɗaya ya yi laushi ɗaya ya tsaya. Zurfin saiwa na ciki, faɗin ganye na ciki, haka saurin rufe baki in iska ta bushe. Wake ma yana da wata dabara tasa: in ƙishi ya kama shi da rana yakan miƙar da ganyensa ya ba rana gefe don kada ta buge shi a fuska. Ka duba na gidan da azahar, mai yiwuwa abin da kake gani a matsayin tsayuwa wannan ne. Duk waɗannan halayen gado ne, kuma irin mahaifinka ya yi shekaru masu yawa rana da ƙasar gulbin Maradi suna tace shi.

Gado na ba da iyaka, reno kuma na zaɓar wuri a cikin iyakar. Ganyen da ya tashi a cikin rana ya fi wanda ya tashi a inuwa yawan baki. Zafi mai tsanani da ƙishi suna danne SPEECHLESS, sabon ganye ya fito da bakuna kaɗan. A 2001 aka nuna cewa manyan ganyaye ne ke auna haske da iskar kabon, su aika wa jariran da ke toho labari, su kuma su gina kansu a kan labarin. Tun kafin nan, a 1987, wani Bature ɗan Ingila, Ian Woodward, ya ɗauko busassun ganyayen bishiyoyi da aka adana shekara 200 da suka wuce ya kwatanta su da na zamaninsa, ya ga bakunan sun ragu da kusan kashi 40 cikin 100. A tsawon wannan lokacin iskar kabon ta tashi daga kashi 280 cikin miliyan zuwa 340. Yau ta wuce 420. Iskar ta yawaita, bishiya ta rage ƙofa.

Amma da zarar ganye ya gama girma, adadin bakinsa ya zauna. Saboda haka amsar tambayarka ta ƙarshe ita ce babu. Babu taki, babu maganin feshi da zai rage bakunan ganyen da ya riga ya fito. Wanda ya kawo maka kwalba ya ce tana yin haka, riƙe kuɗinka. Abin da ke hannunka shi ne renon. Dashen tumatir ko tattasai da ya tashi ƙarƙashin rumfa cikin laima, ganyensa siriri ne, bakunansa ba su iya rufewa da sauri ba. Ka cire shi yau ka kai fili gobe, sai ya kwanta. Ka riƙa janye rumfar kaɗan-kaɗan kwanaki kafin dashe, ka ɗan rage ban ruwa, ka dasa da yamma.

Masana sun gwada rage bakin ta hanyar gadon kansa. A jami'ar Sheffield ta Ingila, ƙungiyar Julie Gray ta ƙara ƙarfin saƙon EPF1 a sha'ir a 2017, sannan a shinkafa da alkama a 2019. Shinkafar, irin IR64, a wani mako na girmanta kashi 60 cikin 100 kawai ta sha na ruwan da ƴar'uwarta da ba a taɓa gadonta ba ta sha, ta fi jure fari, kuma amfanin bai faɗi ba. Aiki ne mai kyau, na yi murna da shi. Amma a ɗakunan gwaji aka yi, inda mutum ke murza zafi da laima da hannunsa. Ganyen da ya rage zufa yakan fi ɗaukar zafi, mu kuwa a watan Afrilu da Mayu muna wuce digiri 40 a inuwa. Sai ranar da aka shuka irin wannan a jigawar Dakoro ko fadamar Jiratawa, shekara bayan shekara, zan ce maka ga abin da zai yi mana.

Hatsinmu da dawarmu ma suna da nasu sirrin. Leɓɓan bakinsu siffar taɓarya gare su, kauri a kai biyu, siriri a tsakiya, kuma kowane baki yana da mataimaka biyu a gefensa. Wannan ginin ya sa suke buɗewa su rufe da sauri fiye da na wake. A 2017 aka nuna, a jikin wata ciyawa danginsu, cewa MUTE ɗin nan ce ke ƙetarawa zuwa ɗakunan gefe ta naɗa mataimakan. A wannan shekarar dai cibiyar binciken amfanin gona ta ICRISAT, mai tasha a Sadore kusa da Yamai, ta jagoranci karanta rubutun gadon gero, aka samu ƙwayoyin gado fiye da 38,000. Masu bincikenta sun kuma ga cewa irin geron da ke jure ɗaukewar ruwa a ƙarshen damina yakan tsuke bakinsa in iska ta yi zafi ta bushe, ko da akwai laima a ƙasa, ya ajiye ruwan sai lokacin cika ƙwaya.

Ina da shekara 16 a 1984, shekarar El-Buhari. Gidanmu a wani ƙauye gefen Tibiri muna da irin zango da kakata ke zaɓar zangarkunsa da hannunta tun a gona, ta ɗaure daban ta rataye a ƙuryar rumbu. Shekarar nan yunwa ta kai mu muka sauke damin muka daka. Da ruwa ya dawo muka shuka abin da aka raba mana, bai taɓa yin abin da namu ke yi a wannan gonar ba, kuma namu bai sake dawowa ba. Har yau in na tsaya gaban allo ina zana waɗannan ƙwayoyin gado, damin nan nake tunawa. Ɗan'uwa, irin waken mahaifinka kada ka bari ya ƙare. Ka ware masa fangalinsa, ka ɗebi iri daga gindin da ya fi tsayawa da rana kuma ya fi ƴaƴa, ka busar sosai, ka rufe a jarka ko buhun PICS saboda ƙwari. Ka ba wani ɗan'uwanka ko mudu ɗaya ya ajiye a wani gari. In ka shigo birni, ka kai ƴan ƙwayoyi tashar binciken aikin gona ta INRAN da ke Tarna, ka faɗa musu abin da ka gani.

TAMBAYA: Mushe, ina wuni. Ni ɗaliba ce a nan Maradi, unguwar Zariya. An koya mana bakunan ganye amma zane kawai muka gani a allo. Yaya zan gan su da idona?

AMSA: Lafiya lau, ƴata. Allah ya ba da sa'a. Kina bukatar abu huɗu: man shafa farce marar launi, salatif mai haske, gilashin ɗora samfur, da na'urar ƙara girma. Ki tsinko ganyen wake ko na gyaɗa, ki shafa man a bayansa siriri, faɗin farcenki ya isa. Ki bar shi ya bushe ƙarau, kamar minti 10. Ki manna salatif a kai, ki danna da yatsa, ki ɗaye a hankali. Busasshen man zai biyo salatif ɗin ɗauke da hoton fatar ganyen. Ki manna a gilashi ki leƙa. A girma sau 100 za ki gan su kamar an watsa riɗi, a sau 400 leɓɓan za su fito sarai.

Kada ki tsaya a kallo. Ki yi na saman ganyen ma ki ƙirga, za ki ga a yawancin masu faɗin ganye na ƙasa sun fi yawa. Ki yi na dawa, ki ga yadda suka jeru layi-layi kamar kunya a gona, da siffar taɓaryar da na faɗa wa mai lambu. Sannan ki ɗauko ganye biyu daga bishiyar mangwaro ɗaya, ɗaya daga reshen da rana ke duka, ɗaya daga can cikin duhuwa. Gadonsu ɗaya ne tunda uwarsu ɗaya, duk bambancin da kika ƙirga reno ne ya kawo shi. Ki ƙirga a wuri biyar aƙalla a kowane ganye kafin ki yanke hukunci, ki rubuta lambobin a littafi da kwanan wata.

In makarantarku ba ta da na'urar, ku haɗu ku biyar ko shida ku roƙi malaminku ya rubuta wa sashen koyon aikin gona na jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo takardar neman ziyara. Ku tafi da salatif ɗinku a manne a gilashi, ba ya lalacewa da wuri.

TAMBAYA: Malam, ni daga Madarunfa. Bado da ke kwance a kan ruwan tafki, bayan ganyensa a cikin ruwa yake. To ta ina yake numfashi?

AMSA: Ta sama, Hajiya. Bado ya juya tsarin, bakunansa duka a fuskar ganyen da ke kallon sama suke, kakin da ke wurin kuma yana sa ruwa ya gangare kada ya toshe su. Daga nan iska ke bin ramukan da ke cikin dogon kararsa har ta kai ga saiwar da ke binne a taɓo. In yara suka tsinko miki, ki karya karan ki duba bakin karayar, ramukan manya ne, ido na ganinsu ba sai da na'ura ba.